Ta kawo min riɗi, in karɓa ko in mayar?

Ƴar Gadarif:
Salam jama'a, dan Allah masu aikin kula da jama'a ku ban shawara. Ina aiki da wata munazzama, wato ƙungiyar agaji, a Gadarif ta ƙasar Sudan, tun da mutane suka watso daga garin Wad Madani saboda yaƙi a Disamban 2023 nake rajistar iyalai a wata makaranta da aka sauke su. To akwai wata baiwar Allah mai yara biyar da fayil ɗinta ke hannuna, ashe ta san Innata tun suna ƴan mata a Mai Wurno. Jiya sai ga ta da riɗi a leda kusan kwano biyu, ta ce "ɗiyata ba yawa". A wurin aiki an hana mu karɓar ko allura amma wallahi na kasa buɗe baki, ledar na nan ƙarƙashin tebur ina ta kallonta. Kuma Goggona ta fara tambayata wai me ya raba matar da mijinta tunda ni take faɗa wa.

Dattijon Kassala:
Ɗiyata, na daɗe a aikin nan. Riɗin mai sauƙi ne, ki faɗa wa shugabarki yau a rubuta, sai a kai takiyya, inda ake dafa wa jama'a abinci kyauta, a sa a girkin kowa, ki je ki yi mata godiya ki ce yara sun ci. Ba ki kunyata ta ba, ba ki ci ba. Abin da ya fi damuna sanayyar nan ce. Ranar da sunanta ya fito a jerin masu samun kuɗin tallafi, matar da ke shimfiɗa kusa da ita za ta ce ai ƴar ƙawarta ce ke riƙe da biro, ko da kuwa ta cancanta. Ki miƙa fayil ɗin ga abokiyar aikinki, gaisuwa kuwa ki ci gaba da zuwa.

Abu Sinnar:
Haba Baba, wannan duk dokar Turawa ce fa. Mu da ba a mayar da hannun kyauta baya? Riɗi ne fa ba zinare ba.

Maman Hanan:
Abu Sinnar ba ka taɓa riƙe jerin rabo ba shi ya sa. Wadda ba ta da riɗin kawowa ita ma ido gare ta. Ni da tausayi na fara, na ba wata lambata na tura mata ɗan abu ta manhajar banki ta Bankak daga aljihuna, kafin wata ya ƙare ana kirana ƙarfe biyun dare, ranar da ban tura ba kuwa ko gaisuwa ta daina amsawa, kuma laifina ne ba nata ba.
Zancen Goggo kam babu sassauci ƙanwata, amana ce aka ba ki. Sai in ran wani ko lafiyar yaro na cikin haɗari ake fitar da magana, shi ma ga shugaba za a kai ba tsakar gida ba. Ki ce mata "Goggo rantsuwa muka yi", ki zuba mata jabana, wato gahawa, ki kawo wata hira.

Ƴar Gadarif:
Na gode ƙwarai. Riɗin ya tafi takiyya da safen nan. Goggo dai ta sha jabanar ta ce ai dama ta riga ta ji a wurin maƙwabta.