Neman kalma: me za mu kira "hospice" da kuɗin da ake tara masa?

Maman Ihsan: Assalamu alaikum. Ranar Alhamis da safe zan naɗi shirin rediyo kan dabarun tara kuɗi na gidajen kula da tsofaffi da na marasa lafiya a Birtaniya. Na tsofaffi bai ba ni wuya ba. Wanda ya tsaya mini a rai shi ne "hospice", wurin da ake kula da wanda ciwonsa ya daina jin magani, a rage masa raɗaɗi, a tallafi iyalinsa. Kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗinsu gwamnati ke bayarwa, sauran daga jama'a: kantunan gwanjo, wasiyya, tattakin dare, gudun fanfalaki na Landan. A watan Disamba kuma suna kunna fitilu a jikin bishiya, kowace fitila da sunan mamacin wani, mai shi ya ba da abin da ya sawwaƙa. Da wane suna zan ce a taimaki wurin nan?

Garba Tafinta: Wa alaikumus salam. Gidan gajiyayyu, mana.

Maman Ihsan: Malam Garba, gajiyayye wanda ya rasa mai ɗaukar nauyinsa ne. Nan kuwa har mai hali yana zuwa, har yara. Helen House da aka buɗe a Oxford a 1982 na yara ne zalla.

Baba Malami: Zangon ƙarshe. Asalin kalmar daga Latin ne, tana nufin masaukin baƙi da matafiya. Duniya tafiya ce, wannan shi ne zangon da ake yada kaya kafin a isa. Shekaru ina koya wa ɗalibaina haka, ba wanda ya taɓa tambayata ma'anarsa.

Sista Rabi: Baba, Allah ya ƙara girma, amma ni ke tsayawa a bakin gado. Na taɓa jinyar wani dattijo da 'ya'yansa ke yi masa raɗa a kai. Ya kama hannuna ya ce, "'Yata, sallama ta suke yi?" Mutum irin wannan zan duba in ce za mu kai shi zangon ƙarshe? Ajali a hannun Allah yake. Da yawa sukan kwana biyu, a daidaita musu magani, su koma gida. Sannan mai ba da kuɗi ma ba zai saki hannu ga wurin da sunansa ke ƙamshin kabari ba.

Baba Malami: Tsoron faɗin gaskiya ne ya kashe mana harshe. Zangon ƙarshe yana da nauyi, yana da hikima.

Abba_K: A ce hosfis kawai a huta. Asibiti ma ai daga Turanci muka ɗauko.

Baba Malami: Ga irinta nan. Yaro ya ji kalmar Bature, ya lanƙwasa mata wuya, ya ce Hausa ce. Harshen da miliyoyin mutane ke kwana da tashi da shi ya rasa sunan ɗakin jinya?

Abba_K: Ranka ya daɗe, "duniya" da "hikima" da ka faɗa yanzu ba Larabci ba ne? Aron Larabci ado, na Turanci abin kunya?

Baba Malami: Waɗannan sun shekara ɗaruruwa a gidanmu, sun zama 'yan gida. Kai ka fara gyara ƙugiyar haruffanka tukuna.

Garba Tafinta: Ni fa ɗaya ɓangaren ke damuna. Duk wannan tattaki da fitilu, in an tuɓe masa riga, bara ce.

Maman Ihsan: A'a Malam, ban yarda ba. Mai bara kansa yake nema wa. Kyaftin Tom Moore a 2020, yana dab da cika shekara 100, ya zagaya lambun gidansa sau 100 da keken dogarawa, jama'a suka tara sama da fam miliyan 32 don ƙungiyoyin agajin asibitocin ƙasar. Wannan gumin tsoho ne. Zan ce "gidauniya" ga asusun, "tara tallafi" ga aikin, "tattakin tallafi" ga masu takawa a biya. Don Allah a dawo kan sunan gidan, lokaci yana ƙure mini.

Garba Tafinta: To, gidan rangwame. Ai mukan ce majinyaci ya samu rangwame.

Abba_K: A shirin da ake maganar kantunan gwanjo? Kowa zai ɗauka ragin farashi ake yi.

Sista Rabi: Ku dubi aikin, sunan zai fito. Likita Cicely Saunders da ta buɗe "hospice" na St Christopher's a kudancin Landan a 1967, abin da ta nace a kai shi ne ciwo ba na jiki kaɗai ba ne, akwai na zuci, na iyali, na ruhi, kuma duka ake sassautawa. A Uganda, Hospice Africa da Dakta Anne Merriman ta kafa a 1993 gida-gida ma suke bi da maganin mofin na ruwa mai rage raɗaɗi. Ni dai "gidan sassauci", aikin kuma "jinyar sassauci", ko a gadon wurin ko a ɗakin mutum.

Garba Tafinta: Bai yi mini daɗi a baki ba, amma ba ya tsorata kowa. Na bi.

Baba Malami: Sassaucin me? Haraji? Sai an yi masa bayani, alhali nawa da kansa yake tsayawa. Ku je da shi tunda da gaggawa. Ni a ajina zangon ƙarshe zan ci gaba da cewa.

Maman Ihsan: Na gode, Baba, na gode Sista. Zan ce "gidan sassauci", in yi bayani jimla ɗaya a farkon shiri. Saura bikin fitilun nan. Na rubuta "fitilar tunawa" na goge sau biyu. Akwai mai abin da ya fi shi kafin daren Laraba?