Travis Hunter: gaba da baya zai buga ko a zaɓa masa ɗaya?

Baffa: Jama'a ni dai na faɗa, Jaguars, ƙungiyar NFL ta ƙwallon Amurka, sun yi gangancin kuɗi a kan Travis Hunter. Daga lamba 5 suka haye lamba 2 a draf na 2025, wato zaɓen sabbin 'yan wasa daga jami'o'i, suka miƙa wa Cleveland har da zaɓinsu na zagayen farko na 2026, wai duk don yaro ɗaya zai buga risiba, mai cafe ƙwallo a gaba, kuma ya buga konabak, mai tsare risiba a baya. A jami'a ake wannan, a NFL ba zai yiwu ba.

Ɗan Houston: Haba Baffa, ka kalle shi a jami'ar Colorado a 2024 kuwa? Ya cafe ƙwallo 96, yadi 1,258, tachdawun (cin maki) 15, a baya kuma ya ƙwace ƙwallo 4, ya ɗauki kyautar Heisman ta gwarzon jami'o'i ya haɗa da Biletnikoff ta risiba da Bednarik ta 'yan baya duk a shekara guda. Za ka ga abokansa goma sun fice wasu goma sun shigo shi yana nan tsaye a fili ko hular kwanon bai cire ba wallahi

Baffa: Ɗana, ka manta 2023 da aka buge shi a wasan Colorado State hantarsa ta tsage ya yi wasa 3 a waje? To a NFL wasa 17 ne, masu bugun kuma ƙatti ne masu iyali. Taura biyu ba ta taunuwa.

Autan Mama: wai wannan ƙwallon da ake runguma da hannu ce kuke wa faɗa? 😂 ni ƙarfe ɗayan dare ina barcina

Malam Injiniya: Auta koma barcinka. Ni fa ba gajiyar jiki ce ta dame ni ba, lokaci ne. A NFL 'yan gaba da 'yan baya ɗakin mitin ɗinsu daban, koci daban, littafin dabaru daban, kuma yawanci lokaci ɗaya suke zama, to yaron a wane ɗaki zai zauna? In yana can yana nazarin bidiyon risiban da zai tsare ran Lahadi, Trevor Lawrence mai jefa ƙwallon Jaguars na nan yana jiran wanda za su daidaita jifa da shi. Shi kansa Deion Sanders da ya horar da shi tun jami'ar Jackson State ya gwada risiba a Cowboys a 1996, ƙwallo 36 ya cafe, daga nan ya maida hankali bayansa.

Baffa: Yauwa Malam. Charles Woodson ma da Heisman ɗinsa ta 1997 a baya ya ci abinci. A sa shi konabak, in an matso kusa da raga a ɗan sako shi gaba, shikenan.

Ɗan Houston: A'a Baffa, in dai ɗaya za a zaɓa to risiba. Ja'Marr Chase risiba dala miliyan 40 da ɗoriya a shekara, Derek Stingley konabak miliyan 30. Kai in ɗanka ne wanne za ka ce ya bi?

Malam Injiniya: Ai Jaguars suna da Brian Thomas a gaba, baya ce ke yoyo.

Ɗan Houston: To Liam Coen, babban kocin Jaguars, asalinsa kocin 'yan gaba ne Malam, kana ganin zai ga irin waɗannan hannuwa ya bar wa wani? Mu sa tsiren dubu biyar

Baffa: Caca haramun. Amma in ka sayo zan ci.