Kwana nawa kuke rufewa da sallah?

Mai Ɗinki: Assalamu alaikum jama'a. Ina da shagon ɗinki nan Maradi da yara 6 masu albashin wata. Bara da layya na ce hutun kwana 3 ne, wallahi biyu daga cikinsu sai bayan kwana 10 suka dawo daga ƙauye, wai kaka ba lafiya, ga kayan amare jibge kan tebur. Bana ina son in rufe sati guda cur amma in cire cikin konje ɗinsu, wato hutunsu na shekara, ya halatta ko zalunci ne?

Kwantabul: Wa alaikumus salam Alhaji. In ma'aikata ne na albashi, dokar aiki ta 2012 ta ba su kwana 2 da rabi na konje duk watan da suka yi aiki, kwana 30 ke nan a shekara kuma da biya. Ranakun hutu na gwamnati daban suke, irin su sallah, Mauludi, 1 ga Mayu, 3 ga Agusta, 18 ga Disamba, waɗannan kar ka taɓa su. Sauran kwanakin ne za ku lissafa, ku yi maganar tun da wuri, ka rubuta kowa ya sa hannu.

Uwar Biyu: Kwana 3 da layya ai kai ma ka san ba ta yiwuwa. Ranar farko yanka ne da gashi, raguna na jere bakin wuta har dare, sai wanshekare a raba nama, wanda zai je Dakoro ko Tasawa yaushe ya tafi yaushe ya dawo? Kuma yaran nan kwana suke kan keke duk goman ƙarshe na azumi, ido ja wur, in ka ba su satin kyauta ma ba ka yi asara ba.

Mai Garaji: Ni na daina sa kwanan wata tunda sai an ga wata ake sanin ranar. Takarda na manna jikin ƙofa, ranar sallah da kwana 5 bayanta. Amma Alhaji ka tambaye su tukuna, nawa sun fi son a aje musu konje sai ruwa ya sauka su je shuka.

Mai Ɗinki: Hajiya kin kama ni, hhh. Maganar shuka kuwa ban taɓa tunaninta ba, gobe in mun sha shayi zan tambaye su.