Neman kalmar Hausa: me za mu kira "ta" ta Turawan Ingila?

1. Masu fassara, ku matso. A arewacin Ingila, haka ma Ostiraliya da New Zealand, ka miƙa wa mutum canji ko ka riƙe masa ƙofa, sai ya ce "ta". Godiya ce ya yi. Tun 1772 take a rubuce, kuma daga bakin yara ta fito, waɗanda harshensu bai kai ga furta cikakkiyar godiyar ba.

2. Mafi yawanmu "na gode" muke sakawa mu wuce. Ni dai bai kwanta min ba. "Na gode" tana da nauyi, ita ake faɗa wa wanda ya biya maka kuɗin asibiti. Ita kuwa "ta" ko ɗaga kai ba a yi, ana karɓar kofin shayi ake jefa ta. Ka sa wa direban bas na Manchester "na gode" a baki, sai ya koma wani dattijo mai natsuwa, alhali ba haka ya yi maganar ba.

3. An kawo "madalla". Ta yi kama da yabo, kamar malami na jinjina wa ɗalibi. An kawo "godiya nake", wannan kuma ta masu neman alfarma ce.

Ni "yauwa" na zaɓa. Ita muke faɗa idan an miƙo mana abu, gajeriya ce, ba ta da shamaki. Wani zai ce ai ba ka ce wa mahaifinka "yauwa" idan ya ba ka abu. Gaskiya ne, kuma shi ya ƙara min ƙarfin gwiwa, domin Bature ma ba ya ce wa alƙali "ta" a kotu. Idan ƙarami ne ke magana da babba, a koma "na gode".

4. Sai a kula da uwa idan ta miƙa wa jariri hannu tana cewa "ta". Nan "kawo" take nufi, tana koya masa bayarwa. "Ta-ta" kuma sallama ce: "sai anjima".

5. Da manyan baƙaƙe labari ya canza. TA a makaranta mataimakin malami ne. A ofishin minista ko gwamna a Najeriya, mataimaki ne kan ayyukan ƙwararru. A tsofaffin jaridun Birtaniya kuwa sojojin ko-ta-kwana ne, masu aikinsu na farar hula suna atisaye a ƙarshen mako. An canza wa rundunar suna a 2014.

6. Ta mai babban T da ƙaramin a ba a fassara ta. Alamar tantalam ce, ƙarfen da ke lamba 73 a jadawalin sinadarai, wanda Anders Ekeberg ɗan Suwidin ya gano a 1802. Daga tantalait ake fitar da shi, dutsen da ake haƙa a Nasarawa, kuma akwai tantalam ɗin a cikin wayar da ke hannunku. A bar alamar yadda take, a rubuta "tantalam" idan ana son sunan.

Mutanen Sakkwato da Damagaram, akwai wata a bakinku da ta fi "yauwa" sauƙi?