Bayan aikin yanar ido, shin dole ne a koma asibiti idan ana gani sosai?

Tambaya:
Assalamu alaikum. An yi wa mahaifiyata aikin yanar ido mako biyu da suka wuce, kuma alhamdu lillahi yanzu har tsintar shinkafa take yi da kanta. An ce mu koma idan an cika mako 6, amma garinmu da nisa, ita kuma ta ce tunda ido ya buɗe ba ta ga dalilin shan wahalar mota ba. Shin komawar dole ce, kuma waɗanne alamu ne za mu sa wa ido a gida?

Amsa daga ma'aikaciyar jinya a sashen ido:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ƙara wa Mama lafiya. Ɗan hawaye da jin kamar yashi a ido ba abin tashin hankali ba ne. Abin da ba a kwana da shi shi ne ciwon da ke ƙaruwa maimakon raguwa, tare da jan ido, kwantsa da dusashewar gani, domin wataƙila ƙwayoyin cuta ne suka shiga cikin idon, kuma suna iya lalata shi cikin 'yan kwanaki. Haka nan idan ta ce tana ganin walƙiya, ko baƙaƙen abubuwa na yawo, ko duhu na rufe gefe ɗaya kamar labule, ku tafi a ranar, kada ku jira ranar da aka rubuta a kati.

Amsa ta biyu:
Ni komawar ce ta fi damuna. Maganin ɗigawa na rage kumburi yakan jawo wa wasu hawan jinin ido bayan 'yan makonni, kuma sau da yawa ba ya ciwo, sai an auna ake ganewa. Akwai kuma kumburin tsakiyar tantanin bayan ido, wanda ya fi bayyana tsakanin mako 4 zuwa 6, musamman ga masu ciwon sukari. A wannan zuwan ne ma ake gwada mata tabarau. Ku lallashe ta, ku kai ta.

Amsa ta uku:
Ƙari kaɗan: a ɓoye tandun kwalli tukuna, kada ta murza idon, kuma mai ɗiga mata magani ya wanke hannu da sabulu. Batun ruwan alwala da sujada kuwa, ku tambayi likitan da ya yi aikin.