Muhawara: a raba SSD gida biyu ko a bar shi a dunƙule?

Ɗalibar ajin ƙarshe: Assalamu alaikum. Na sayi kwamfuta mai SSD (faifan ajiyar bayanai na zamani) na gigabayit 256, mai shagon ya dage cewa sai an raba shi kashi biyu, C da D, wai hakan yana ƙara sauri kuma yana tsare takarduna. Ina neman shawarar manya kafin in bari a taɓa ta.

Mai gyaran kwamfuta: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Maganar sauri gadon tsohon faifai mai juyawa ce, wanda gefensa na waje ya fi na ciki saurin karatu, shi ya sa ake sa Windows a kason farko, wanda yake a wannan gefen. SSD kuwa ba abin da ke juyawa a cikinsa. Akwai 'yar na'ura da ke watsa rubutu a kan dukkan ƙwayoyin ajiya don kada wasu su riga wasu gajiya, kuma ba ruwanta da iyakar C da D. Duk da haka ina goyon bayan rabawa, domin idan aka kawo mini kwamfutar da ta ƙi tashi, C kaɗai nake gogewa, hotuna da takardun da ke D su tsira.

Malamin makaranta: Malam, na yarda da bayaninka na farko, amma ban yarda da shawarar ba. Wannan 256 ɗin kusan 238 Windows za ta nuna, kuma Windows 11 kaɗai tana buƙatar aƙalla 64. Idan aka ba C ɗari, cikin 'yan watanni sabuntawa da manhajoji da abin da ake saukewa daga intanet za su cika shi, layin da ke nuna cikarsa ya koma ja, alhali D yana zaune kusan wayam. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ake ɗaukar D a matsayin ma'ajiyar tsira. Ni kaina na ajiye sakamakon jarrabawar ɗalibaina a D da kwanciyar hankali, wata safiya kwamfutar ta daina ganin faifan, C da D suka tafi tare.

Mai gyaran kwamfuta: Allah ya mayar da alheri, Malam. Ban taɓa cewa rabawa tana maye gurbin kwafi a filashi ko Google Drive ba. A ƙaramin faifai na sassauta, amma daga 512 zuwa sama ina nan a kan bakata.

Mai rubuta manhaja: Wuri guda da rabawa ta zama dole shi ne idan ana son Ubuntu (wata babbar manhajar tafiyar da kwamfuta, kamar Windows) da Windows su zauna a faifai ɗaya. Ƙanwata, kada ki goge ƙananan kason da Windows ke yi da kanta, domin da su take tashi da kuma gyara kanta.

Ɗalibar ajin ƙarshe: Na gode ƙwarai. Zan bar shi a dunƙule, gobe in sayi filashi in kwafi babi na uku na aikin kammala karatuna a ciki.