Cigiyar kalma: ganau ne ko jiyau?

Jama'a, salamu alaikum. Cigiya na kawo, amma ba ta akuya ba, ta kalma ce.

Yau kwana huɗu ina fama da wani rubutu a kan zaɓen shugaban ƙasar Amurka na 1948, wanda Harry Truman ya ci bayan kowa ya gama yi masa jana'iza. Wata jaridar Chicago har ta riga ta buga babban kanu cewa Thomas Dewey ya kayar da shi, gari na wayewa sai ga Truman da ƙuri'u 303 na wakilan zaɓe, Dewey yana da 189. Rabin abin da na dogara da shi hirarraki ne da aka yi da mutanen da suka yi aiki da Truman, aka naɗi muryarsu, aka rubuta, aka adana a gidan ajiye takardunsa da ke garin Independence a jihar Missouri. Turawa suna kiran wannan "oral history". Da na zo sa shi da Hausa, hannuna da kansa ya rubuta "tarihin baka". Na maimaita jimlar sau biyu a bayyane, na ji ba ta zauna ba.

*

Bari in faɗi yadda abin yake tukuna, don kada mu raɗa wa jariri suna ba mu ga fuskarsa ba.

A 1948 wani malamin tarihi mai suna Allan Nevins ya buɗe ofishi a Jami'ar Columbia da ke New York. Damuwarsa ita ce manyan mutane sun rage rubuta wasiƙa, wayar tarho ta cinye maganganun da a da ake samu a takarda, in mutum ya mutu sai ya tafi da abin da ya sani. Sai aka shiga bin tsofaffin jami'ai da 'yan siyasa ana zama da su, ana tambaya suna amsawa. Da aka buɗe gidan takardun Truman a 1957, ba a jima ba su ma suka ɗauki wannan hanya, suka tara ɗaruruwan hirarraki da ministocinsa, da sakatarori, da 'yan jarida, da abokansa na yaƙin duniya na farko. Bayan an harbe shugaban Amurka John Kennedy a Dallas ranar 22 ga Nuwamba 1963, a shekarar da ta biyo aka fara irin wannan aiki a kansa. Matarsa Jacqueline ta zauna sau bakwai da masanin tarihi Arthur Schlesinger a 1964, aka kulle faifan, ba a bari jama'a sun ji ba sai 2011.

Ku lura da abubuwan da ke ciki. An san mai magana da sunansa da muƙaminsa. An san wanda ya yi tambayar da ranar da aka zauna. Bayan an rubuta, akan mayar wa mai maganar ya karanta, ya gyara abin da yake so, ya sa hannu, yana ma iya gindaya sharaɗin kada a buɗe sai bayan ransa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne a shekarun farko a Columbia, da zarar an gama rubutawa sukan goge yawancin faifan su sake naɗa wani a kai. Wato a wurinsu takardar ce asali, muryar tsani ce kawai.

To ina bakan yake?

*

Wannan shi ne ciwona da "tarihin baka". In Bahaushe ya ji shi, hankalinsa Daura zai tafi, wurin Bayajida da rijiyar Kusugu da macijiya. Zai tuna kirarin sarakuna a bakin maroƙa, da jerin sunayen kakanni da tsoho ke lissafowa a zaure. Wannan tarihi ne da ya bi baki bayan baki, babu wanda zai ce maka ga ranar da aka fara faɗa, kuma mai ba ka shi bai ga komai da idonsa ba. Shi ya sa muke cewa kunne ya girmi kaka. Ba raina shi nake yi ba, da shi muka san kanmu. Amma Clark Clifford, lauyan Truman, da aka zauna da shi a farkon shekarun 1970, ba daga kakarsa ya ji labarin ba. Yana cikin ofishin shugaban ƙasa ranar 12 ga Mayu 1948 lokacin da aka yi ta cacar baki kan amincewa da ƙasar Isra'ila, shi ne ma ya yi gardama da George Marshall, sakataren harkokin waje, har Marshall ya fusata ya ce in aka bi shawarar Clifford shi ba zai zaɓi Truman ba. Kwana biyu bayan nan aka ayyana kafuwar Isra'ila, cikin minti 11 Amurka ta amince da ita. Wanda ya zauna a wannan ɗaki da wanda ya ji labarin Bayajida a gindin murhu, a ce duk "tarihin baka" suke bayarwa? An haɗa ganau da jiyau a buhu ɗaya.

*

Na ga amsoshinku, na gode ƙwarai. Bari in bi su.

Ƙanena da ya ce "hirar tarihi": ta yi daɗin faɗa, sai dai tana da fuska biyu. In ka ji an ce shugaba kaza ya yi hirar tarihi, za ka ɗauka hira ce da ba a taɓa yin irinta ba, kamar yadda ake cewa nasara mai tarihi. Ga shi kuma duk malamin jami'ar da aka gayyata gidan rediyo ya yi bayanin yaƙin Koriya, shi ma hirar tarihi ya yi, alhali ba a haife shi ba lokacin.

Wanda ya ce "shaida", ka kai mu kotu. Shaida da rantsuwa take tafiya, waɗannan tsofaffi kuwa a falonsu aka same su, babu wanda ya rantsar da su.

"Tuna baya" kuma, kowa ya san inda za ta kai mu, sai mai karatu ya zaci tsofaffin waƙoƙi za a saka.

Hajiya, ke da kika ce "tarihin ganau", kin kusa sa ni rufe zancen. Na tashi na zaga ɗaki ina maimaita ta. Ta raba abin da nake son rabawa da wuƙa ɗaya, kuma kalmar tamu ce tun asali, ko yaro ya san in an ce "ni ganau ne ba jiyau ba". Har na fara sauya ta a rubutuna. Abin da ya tsayar da ni shi ne nauyin da Hausa ta ɗora wa ganau. Mu fa in aka ce gani ya kori ji, magana ta ƙare. In muka ce tarihin ganau, mun ba mai karatu tabbacin da su kansu masu adana waɗannan hirarraki ba su ba shi ba.

Ga dalilina, daga cikin aikin da nake yi yanzu. A Nuwamba 1947 an miƙa wa Truman wata doguwar takarda ta dabarun yaƙin neman zaɓe. Ta hango cewa Dewey ne zai tsaya wa jam'iyyar Republican, ta hango Henry Wallace, tsohon mataimakin shugaban ƙasa, zai ɓalle daga jam'iyyar Truman ya tsaya da kansa, ta ba da shawarar a nemi manoman yamma da ma'aikata da baƙaƙen fata na biranen arewa. Ta kuma yi kuskure babba guda, ta ce jihohin kudu a aljihu suke, sai ga Strom Thurmond, wani gwamnan kudu da shi ma ya ɓalle, ya kwashe huɗu daga cikinsu, ya tashi da ƙuri'u 39. Shekara da shekaru ana kiranta takardar Clifford, ana yaba masa kaifin basira, shi kuma yana karɓar yabon. Ashe wani lauya mai suna James Rowe ne ya rubuta ainihinta. An ɓoye sunansa ne saboda Truman ba ya shiri da abokin aikin Rowe na lauyanci, Thomas Corcoran, aka ji tsoron in ya ga daga inda ta fito ba zai karanta ba. Clifford ya yi mata kwaskwarima ya sa sunansa. Ganau ne kuwa, babu mai musu. Amma shanun wani ya yi shekaru yana kiwo da sunan nasa.

Na Kyuba ya fi wannan. A Oktoba 1962, kwana 13 duniya na riƙe da numfashi saboda makamai masu linzami da Tarayyar Sobiyet ta girke a tsibirin. Labarin da mutanen Kennedy suka daɗe suna bayarwa shi ne ya tsaya kai da fata, shugaban Sobiyet Khrushchev ya ja da baya ba a ba shi komai a ɓoye ba. Alhali ranar 27 ga wata Robert Kennedy, ƙanen shugaban, ya gana da jakadan Sobiyet, Anatoly Dobrynin, ya ba shi tabbacin za a janye makaman Jupiter na Amurka daga Turkiyya, da sharaɗin kada a bayyana. An kuwa janye su a 1963. Sai a 1989, a wani taro a Mosko, Ted Sorensen, mashawarcin Shugaba Kennedy, ya amsa da bakinsa cewa shi ya cire wannan batu daga rubutun da Robert Kennedy ya bari, domin a lokacin sirri ne. Dukansu ganau ne, kuma sun haɗa baki sun yi shiru fiye da shekara 25.

*

Malam, Allah ya ƙara sani. Kai da ka rubuto kalma ɗaya tak, "ruwaya", ka kashe waya ka tafi, kai ka warware mini ƙullin.

Ruwaya tana ɗauke da duk abin da na lissafa a sama. Ba a yin ruwaya babu mai ita, dole a ce wane ne ya ruwaito. Kuma duk wanda ya taɓa zama gaban malami ya san ruwaya abin aunawa ce, akwai mai ƙarfi akwai mai rauni, ana duba mai ruwayar ko mai riƙo ne, ko ya tsufa ya fara ruɗewa, ko yana da wata buƙata a cikin zancen. In ruwaya biyu suka ci karo, a ajiye su gefe da gefe. Daidai abin da masanin tarihi yake yi ke nan in ya ɗauki maganar Clifford ya gwama ta da takardar da Marshall ya sa aka rubuta a kan taron 12 ga Mayu.

Sai in haɗa taki da tasa, Hajiya: ruwayar ganau. Ganau ya nuna mutumin yana wurin, ruwaya ta tuna mana cewa bakinsa ne, ba hukunci ba.

Na ga mai cewa ruwaya ta hadisi ce, bai kamata a ja ta zuwa kan 'yan siyasar Amurka ba. Na fahimci tsoronka, ɗan'uwa, amma kalmar ta daɗe da fitowa kasuwa. Kunna rediyo da safe ka ƙirga sau nawa za ka ji "kamfanin dillancin labarai ya ruwaito". A majalisa ma in ana musu kan yadda wani abu ya faru, za ka ji an ce "a wata ruwayar kuma". Ba mu muka fito da ita ba.

*

Mu gwada ta a jimla, domin kalmar da ta ƙi shiga jimla ado ce kawai.

"Gidan takardun Truman yana da ɗaruruwan ruwayoyin ganau." Ta shiga.

"An ɗauki ruwayar ganau daga bakin Jacqueline Kennedy a 1964." Ta shiga, har ta ba mu sunan ma'aikacin, mai ɗaukar ruwaya. Wanda aka zauna da shi mai ruwaya ne, takardar da aka buga bayan an saurari faifan kuwa rubutacciyar ruwaya.

"Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya ziyarci Kennedy a Yuli 1961, duk wanda ya raka shi, in an zauna da shi an naɗa, ruwayar ganau aka ɗauka. Jikansa da ya ji a gida yana ba ka, wannan tarihin baka ne." Wannan ta fi burge ni, don ta nuna kalmomin biyu za su zauna gida ɗaya ba kishi. Ban kori tarihin baka ba, ɗakinsa na mayar da shi.

Inda na san tana ɗingishi shi ne sunan fannin gaba ɗaya, kamar a ce sashe a jami'a. "Sashen ruwayar ganau" yana da ɗan nauyi a harshe. A nan ba zan yi faɗa da wanda ya ce "sashen tarihin ganau" ba, tunda suna ne na ofis, ba hukunci a kan maganar wani ba.

*

Wani ya tambaya ko faifan da shugaban Amurka Richard Nixon ya naɗa a ofishinsa ma ruwayar ganau ne. A'a, ko kusa. Ruwaya sai bayan abu ya wuce ake yin ta, mutum ya san ana naɗa, ya zaɓi kalmominsa. Na Nixon na'ura ce a ɓoye tana ɗaukar magana lokacin da ake yin ta, yawancin masu maganar ba su sani ba. Tsohon hadiminsa Alexander Butterfield ne ya tona asirin a gaban kwamitin majalisar dattawa mai binciken badaƙalar Watergate ranar 16 ga Yuli 1973. Kimanin awa 3,700 aka naɗa, aka sami wani wuri na minti 18 da rabi an goge, kotun ƙoli ta tilasta a miƙa faifan a Yuli 1974, ranar 9 ga Agusta Nixon ya bar mulki. Kennedy da magajinsa Lyndon Johnson su ma sun yi irin nasu naɗin. Wannan rikici ne ya haifi dokar 1978 da ta mayar da takardun shugaban ƙasa mallakar gwamnati, bayan a da kowa yakan kwashe nasa ya tafi da su gida kamar kayan ɗaki.

Sunan wannan kuma sai mu sake zama. A rubutuna na sa "naɗin ɓoye" na wucin gadi, sai wani abokina ya karanta ya tambaye ni sarautar wa aka naɗa a ɓoye. Mai wata kalma ya ajiye ta a ƙasa, ranar Asabar zan miƙa aikin.